Zaɓen Ƙarfen Liƙi da Bakinsa a Aikin Ƙananan Kayan Laturoni

Ƙarfen liƙi, wanda masu gyaran waya da rediyo suka fi sani da ayan, aikinsa shi ne kai zafi wurin da ake son haɗa ƙarafa biyu, har sinadarin liƙi, wato led, ya narke ya malale a tsakaninsu. Ba ya narkar da ƙafar abin da ake liƙawa, ba ya kuma narkar da jan ƙarfen da ke shimfiɗe a kan fanel, kuma a nan ne ya sha bamban da walda. Abin da ke faruwa shi ne narkakken led yana ɗan cin saman jan ƙarfe, su haɗu su yi wani siririn ɓawo da ido ba ya gani, kuma ɓawon nan shi ne riƙon. Idan zafi ya gaza, ɓawon ba zai samu ba, sai led ya dunƙule a sama, a ɗauka ya kama alhali bai kama ba. Idan zafi ya yi yawa ko ya daɗe, ɓawon ya yi kauri ya yi gautsi, ko gam ɗin da ke riƙe da jan ƙarfe a jikin fanel ya saki, layi ya ɗago. Liƙi mai kyau a ƙaramin wuri ana gama shi cikin sakan biyu zuwa uku, kuma duk zancen zaɓen ayan da bakinsa yana komawa ne ga abin da zai sa a gama cikin wannan ɗan lokaci.

Zafin da led ke bukata

Led na da, haɗin kuza ne da dalma. Wanda aka fi yabo shi ne mai kashi 63 na kuza da kashi 37 na dalma, saboda yana narkewa daidai a digiri 183 na ma'aunin Salshiyas, kuma da zarar an ɗauke zafi sai ya daskare nan take. Mai kashi 60 da 40 shi ma a 183 yake fara narkewa, amma ba ya gama zama ruwa sai wajen 190, kuma idan hannu ya motsa a wannan ɗan tsakanin, liƙin ya lalace. Tun daga 1 ga Yulin 2006 dokar Tarayyar Turai da ake kira RoHS ta hana sa dalma a yawancin kayan laturonin da ake sayarwa a ƙasashenta, kuma da yake masana'antu ba sa son ƙera kaya iri biyu, sai kusan kowa ya bi. Saboda haka wayoyi da kwamfutocin da ke zuwa teburin mai gyara a yau galibi da led maras dalma aka liƙa su. Wanda ya fi yawa shi ne SAC305, mai kuza kashi 96.5, azurfa kashi 3, jan ƙarfe kashi 0.5, wanda ke narkewa tsakanin digiri 217 da 220. Akwai mai rahusa na kuza da ɗan jan ƙarfe kawai, shi sai a 227.

Bakin ayan kuwa dole ya fi haka zafi nesa ba kusa ba, domin zafi ba ya tafiya da sauri sai da rata tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Ga led mai dalma, digiri 300 zuwa 340 ya wadatar. Ga maras dalma akan ɗaga zuwa 350, iyaka 380. Duk wanda ya ga sai ya kai 420 ko 450 kafin led ya narke masa, to matsalarsa ba ta saiti ba ce. Ko bakin ya yi ƙanƙanta, ko ya yi tsatsa, ko ayan ɗin ba shi da ƙarfin mayar da zafin da ya rasa.

A nan ne mafi yawan masu koyo ke rikicewa, domin suna ɗaukar tsananin zafi da yawan zafi abu ɗaya ne. Tartsatsin da ke tashi a shagon mai walda ya haura digiri dubu, amma yakan faɗo wa mutum a hannu ya wuce ba tare da wani rauni ba, alhali cokali guda na tafasasshen ruwa, wanda bai wuce digiri 100 ba, sai ya sale fata. Tartsatsin yana da tsanani amma ba shi da jiki. Haka siririn baki mai digiri 400 yake: da ya taɓa faffaɗan jan ƙarfe sai zafinsa ya zurare, ya faɗo ƙasa da inda led ke narkewa, mai aiki ya yi ta dannawa yana jira, fanel kuma yana gasuwa. Lambar wat da ke jikin ayan mai saiti ba ta nuna iyakar zafinsa, tana nuna saurin da zai mayar da abin da aka zuƙe. Shi ya sa ayan mai wat 70 da ke tsaye a digiri 330 ya fi aminci ga ƙananan kaya a kan mai wat 25 da ba shi da saiti.

Ire-iren ayan

Kafin lantarki, dunƙulen jan ƙarfe ne mai mariƙi ake sawa a garwashi, kuma har yanzu masu liƙin bokiti da ladiyeto suna aiki da irinsa. Wani injiniya Bajamushe, Ernst Sachs, ya yi rajistar ayan mai lantarki a 1921, ya kafa kamfanin ERSA. Jikan wannan shi ne ayan ɗin da ake sokawa a soket kai tsaye, mai wat 30, 40 ko 60, wanda ya cika kasuwa saboda araha. Ba shi da abin da ke auna zafinsa. Hita tana ta aiki, zafi yana ta hawa har sai abin da iska ke kwashewa ya yi daidai da abin da ke shigowa, kuma yakan haura digiri 400 idan aka ajiye shi. Yana da amfani wajen haɗa waya da waya ko gyaran tsohuwar rediyo mai manyan ƙafafu, amma fanel ɗin waya ba wurinsa ba ne. Wanda ke da ɗan abin murɗawa a mariƙi ma a yi hattara da shi, domin da yawa daga cikinsu wuta kawai suke ragewa, ba sa auna komai, lambobin digirin da ke jiki kuwa kintace ne. Ita ma bindigar liƙi, wadda Carl Weller ya samu rajistarta a Amurka a 1946, ta manyan wayoyi ce. Ƙarfinta yakan kai wat 100 ko fiye, kuma wuta ce mai yawa ke ratsa bakinta, don haka ba a kusantar ƙananan kayan laturoni irin ai-si da ita.

Mataki na gaba shi ne ayan mai akwatin saiti, wanda ke da ma'aunin zafi a cikin hita, akwatin yana kunna wuta yana kashewa don a tsaya a inda aka saita. Samfurin 936 na kamfanin Hakko da ke Osaka a Japan shi ne ya yi suna a wannan fanni, har aka yi ta kwaikwayonsa, kuma da yawa daga cikin akwatunan da ake gani a kan teburan masu gyara a kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano 'ya'yan wannan samfurin ne. Daga baya FX-888D ya biyo bayansa. A irin waɗannan, baki rami gare shi, ana zura shi ne a kan sandar hita ta tangaran, a ɗaure da noti. Bakunan 900M da ke shiga cikinsu suna da araha kuma ko'ina ana samunsu, wannan kuwa ba ƙaramin dalili ba ne. Inda suka gaza shi ne ma'aunin yana cikin hita, tsinin da ke aiki yana can nesa, tsakaninsu kuma akwai 'yar iska. Kafin akwati ya san baki ya huce ya turo wuta, har zafin ya ratso ya iso, an ɗan ɗauki lokaci. Idan aka haɗu da bakin da raminsa ya yi wa hita yawa, abin ya ƙara muni: akwati yana nuna 350, tsini kuwa bai kai ba.

Maganin wannan shi ne baki mai hita a cikinsa, inda aka haɗa hita da ma'auni da tsini a sanda guda, ma'aunin yana dab da inda ake taɓa fanel. Jerin T12 na Hakko da jerin C245, C210 da C115 na kamfanin JBC da ke Barselona a Sifen su ne aka fi sani. Irin wannan yana kai zafin aiki cikin 'yan sakan, yana kuma jin sanyin fanel kusan nan take. Ana iya zare baki a sa wani ba tare da jiran ya huce ba. Kuɗin baki ɗaya ya ninka na 900M sau da yawa tun da har da hita ake saye, amma ga mai aikin waya ko laftof, nan ya kamata kuɗi ya tafi. Yanzu ana samun akwatuna masu rahusa daga Sin da ke karɓar waɗannan bakuna, kuma ko masu rahusar sun fi tsohon tsari saurin mayar da zafi. C245 shi ne na aikin yau da kullum, C210 na ƙananan wurare, C115 kuwa na abin da sai da madubin ƙara girma ake ganinsa.

Akwai wani tsari na daban da ba shi da maɓallin saiti ko kaɗan. Kowane ƙarfe mai kama maganaɗisu yana da zafin da idan ya kai sai ya daina kamawa. Weller ya yi amfani da wannan a ayan ɗinsa Magnastat da aka yi wa rajista a 1960, inda wani ɗan ƙarfe a gindin baki ke jan makunni yana saki. Kamfanin Metcal ya kai abin gaba da wuta mai kaɗawa sau miliyan 13.56 a sakan, wadda ke dumama saman bakin kanta, ta lafa da kanta idan an kai zafin da aka ƙera bakin a kai. Wanda ke son wani zafi sai ya canza baki. Masana'antu suna son sa saboda ma'aikaci ba shi da abin murɗawa, sai dai tsada ta sa ba kasafai ake ganinsa a shagunan gyara ba.

Na baya-bayan nan su ne ƙananan ayan irin su TS100 da Pinecil, waɗanda aka cusa duk akwatin saitin a cikin mariƙi, suna cin wutar batir ko ta caja mai USB-C. Ayan mai gas kuwa na aikin waje ne, inda babu wuta sam. Saita zafinsa da wuya, kuma hucin da ke fita ta gefensa yana narkar da roba.

Wutar da ayan zai ci

A inda wuta ba ta tsayawa wuri ɗaya, wannan batu ne da ya kamata a duba tun kafin a biya kuɗi. Ƙarfin hita ba ya sauka daidai da saukar wuta, ya fi ta saurin faɗuwa, domin da ninkin bolt a kansa ake lissafinsa. Ayan mai wat 40 da aka yi don bolt 230, idan wuta ta sauko 180, abin da zai bayar bai kai wat 25 ba. Akwatin saiti mai taransifoma ma yana raunana idan wuta ta yi ƙasa, amma mai irin tsarin cajar laftof, wanda aka rubuta masa 100 zuwa 240, bai damu ba. Lissafin nan ya shafi masu cin batir: TS100 yana ba da wat 65 a bolt 24, wajen 40 a bolt 19, amma a batirin sola mai bolt 12 wat 17 kawai ake samu, wanda ba zai iya da cajin fot ba. Tsohuwar cajar laftof mai bolt 19 ko batir biyu a jere sun fi dacewa. Sannan kayan da aka yi wa Amurka na bolt 120 ne, na Japan 100, kuma soka su a soket ɗin Najeriya ko Nijar ba tare da taransifoma ba ƙonewa ce nan take.

Sai batun wayar ƙasa. Ayan na kirki bakinsa a haɗe yake da ƙafa ta uku ta fulogi, kuma kamfanonin da suka san abin da suke yi suna rubuta cewa turjiyar da ke tsakanin baki da ƙasa ba ta kai om 2 ba, yoyon wuta kuma bai kai milibolt 2 ba. Mita kawai ake bukata don a gwada: a ɗora sanda ɗaya a baki, ɗaya a ƙafa ta uku, ayan yana kashe. Amma duk wannan bai amfana komai ba idan soket ɗin shagon ba shi da wayar ƙasa, kuma da yawa ba su da ita, musamman idan ana kan janareta. Mutum ba ya jin tartsatsin lantarkin da ke taruwa a jikinsa sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali wasu ai-si ƙasa da bolt 100 ke illata su, wani lokaci ma ba su mutu a take ba sai bayan mai waya ya tafi. Busasshiyar iskar hunturu tana ƙara taruwar wannan lantarki sosai. Abin ɗaurawa a wuyan hannu mai rezisto na om miliyan 1, da shimfiɗar tebur da aka haɗa da ƙasa, ba su da tsada.

Baki

Cikin baki jan ƙarfe ne, saboda yana tafiyar da zafi kusan sau biyar fiye da baƙin ƙarfe. Sai dai narkakken led yana cinye jan ƙarfe, shi ya sa tsofaffin bakuna ke yin rami har a riƙa goge su da fayil. Na zamani an lulluɓe su da siririn rufin baƙin ƙarfe, wanda led ke kamawa amma ba ya saurin ci, sannan daga baya aka shafa wani rufin da led ba ya kamawa don kada ya hau sama. Ran baki yana cikin wannan rufi. Ranar da ya huje, led ya samu hanyar shiga, ya rarake jan ƙarfen ta ciki. Saboda haka fayil da sanfefa da reza ba su da hurumi a bakin zamani. Bakuna masu arha sosai sukan zo da rufi marar kauri, wasu ma cikinsu ba jan ƙarfe ba ne, kuma ana gane su da rashin nauyi da saurin baƙi.

Mai koyo da ya ji an ce aikin ƙanana ne, abin da ya fara nema shi ne baki mai tsinin allura, wanda Hakko ke sa wa harafin I. Wannan kuskure ne da ya ƙona fanel da yawa. Tsinin allura ba shi da jikin ajiye zafi, hanyar da zafi zai bi ya iso ƙarshensa siririya ce, wurin da yake taɓa fanel kuma ɗigo ne kawai. Ga shi led ba ya son zama a ƙarshensa, sai ya gudu sama inda ya fi zafi. Ƙa'idar da masu ƙwarewa ke bi ita ce a ɗauki baki mafi kauri kuma mafi gajarta da zai shiga wurin ba tare da ya taɓa maƙwabta ba, faɗinsa ya yi kusan daidai da mazauni, wato ɗan jan ƙarfen fanel da za a liƙa ƙafa a kai.

Bakin da ya fi cika wannan sharaɗi shi ne mai faɗi kamar na sukudireba, mai harafin D. Faɗin milimita 1.6 zuwa 2.4 yana gamawa da kayan da ƙafafunsu ke ratsa fanel, irin ai-si mai tazarar milimita 2.54 tsakanin ƙafa da ƙafa. Na milimita 1.2 yana ɗaukar rezisto da kafasita na saman fanel masu lamba 0805 da 0603, waɗanda tsawonsu milimita 2 ne da 1.6. Na 0.8 yana isa ga 0402, mai tsawon milimita 1 da faɗin rabin milimita. Kuma baki ɗaya yana aiki uku: a kwantar da faɗinsa a babban wuri, a juya gefensa a matsattse, a yi amfani da kusurwarsa a ƙafa guda.

Baki mai yankan kofato, C ko BC, an yanke ƙarshensa a karkace, wasu har da ɗan rami a fuskar don riƙe led. Da shi ake liƙa ai-si mai ƙafafu da yawa a jere. Ana daidaita ai-si, a kama kusurwa biyu, a shafa fes, wato man da ke sa led ya malala, a kan ƙafafu, a ɗauki ɗan led a fuskar baki, a ja shi a hankali bisa ƙarshen ƙafafun. Kowace ƙafa takan ɗebi abin da take bukata ta bar saura. Abin mamakin shi ne bakin da faɗinsa ya kai milimita 2 ko 3 yana liƙa ƙafafu masu tazarar rabin milimita da tsabta fiye da yadda allura za ta yi su ɗaya bayan ɗaya. Bakin wuƙa, mai harafin K, shi ne masu gyaran waya suka fi riƙewa, kuma suna da hujja: yana share tsohon led daga mazaunin ai-si, yana raba ƙafafun da suka haɗe, yana taɓa gefe biyu na ƙaramin rezisto lokaci guda, tsininsa kuma yana shiga lungu.

Siririn baki yana da ranarsa. Kayan da ke fanel ɗin wayar zamani sun sauko har 0201, mai milimita 0.6 da 0.3, da 01005 da ya fi shi ƙanƙanta, kuma wayar da ake jona layin da ya yanke da ita kaurinta kan kai milimita 0.02 kacal. A nan ana bukatar tsini na milimita 0.2 ko ƙasa, musamman lanƙwasasshe mai harafin J, wanda ba ya tare wa ido hanya a ƙarƙashin madubi, kuma ana iya kwantar da gwiwarsa idan ana son ƙarin zafi. Amma irin wannan tsini sai a kan baki mai hita a ciki yake aiki sosai. A tsohon tsari, zafin ba ya isowa ƙarshensa. Baki uku, wato D mai milimita 1.6, wuƙa, da lanƙwasasshe siriri, sun isa kusan duk abin da zai zo tebur, kuma sun fi kwalin bakuna goma sha biyu na arha da rabinsu ba za a taɓa buɗewa ba.

Mariƙi ma abin dubawa ne, ko da yake ba a cika rubuta shi a kwali ba. Gwargwadon kusancin yatsu da tsini, gwargwadon raguwar rawar hannu, kuma a nan ma bakuna masu hita a ciki sun yi zarra saboda gajarta. Wayar mariƙi ta zama mai laushi wadda zafi ba ya narkarwa, domin busasshiyar waya tana jan hannu a daidai lokacin da ba a so.

Kula da baki da kayan da ke tafiya da shi

Abin da ke kashe baki shi ne zafi da iska. Baƙin ƙarfe mai zafi da ba a rufe ba yana yin tsatsa cikin mintuna, tsatsar kuwa ba ta kama led kuma ba ta wuce da zafi, sai mai aiki ya ƙara saiti, ƙarin ya jawo ƙarin tsatsa. Rigakafin shi ne kada a ajiye baki tsirara: a goge shi lokacin da za a fara liƙi, a shafa masa sabon led lokacin da za a ajiye shi, haka ma kafin a kashe. Sabon baki a sa masa led tun a ɗumamar farko. Mazaunin ayan da ke sauke zafi da kansa idan an ajiye shi yana tsawaita ran baki ƙwarai, musamman a shagon da ayan ke kunne daga safe har dare. Led maras dalma ya fi cin rufi saboda yawan kuza da ƙarin zafi. Wajen gogewa, soson tagulla ya fi jiƙaƙƙen soso, domin ruwa yana sauke zafi farat ɗaya. Idan soso ne kawai a hannu, a matse shi ya zama damshi kawai. Bakin da ya riga ya yi baƙi akan farfaɗo da shi da man wanke baki da ake sayarwa a ɗan gwangwani, a zafi matsakaici.

Fes shi ke cinye tsatsar da ke kan jan ƙarfe ya bar led ya malala, kuma aiki da yawa da ake ɗora wa ayan laifinsa, ƙarancin fes ne. Na laturoni daga ƙaron itacen fayin ake yin sa, ko haɗin da ba ya bukatar wanki. Mai asid na masu aikin famfo da kwano ba ya zuwa kusa da fanel, domin ragowarsa tana ci gaba da cin layuka bayan an rufe waya. Kaurin led shi ma ya bi girman aiki: milimita 0.8 ga manyan ƙafafu, 0.5 ga na saman fanel, 0.3 ga ƙanana sosai, in ba haka ba taɓi ɗaya ya cika wuri ya haɗa shot. Ana fara ɗora baki ya taɓa ƙafa da mazauni tare, da ɗan led a jikinsa don zafi ya samu gada, sannan a kawo led ga wurin, a janye led, a janye baki. Igiyar jan ƙarfe mai tsotse led tana son baki mai faɗi, kuma ana ɗaga ta tare da ayan, domin idan ta daskare a kan mazauni aka ja, da mazaunin za ta taso. Ana wanke ragowar fes da sifirit na aisofurofil mai kashi 99.

Hayaƙin da ke tashi na fes ne, ba na dalma ba, domin dalma ba ta tafasa sai ta haura digiri 1,700. Amma hayaƙin ƙaro yana haddasa asma ga mai shaƙarsa kullum, don haka ana bukatar 'yar fanka mai janye shi daga fuska. Dalma ta hannu take bi ta shiga baki, saboda haka ba a riƙe led da haƙori, ba a cin goro ko burodi a teburin aiki sai an wanke hannu, ba a kuma barin ɓurɓushinsa inda yara ke rarrafe.

Akwai inda ayan ke tsayawa komai kyansa. Fanel ɗin waya hawa-hawa ne, yakan kai takwas ko goma, kuma wasu hawan shimfiɗar jan ƙarfe ce zalla ta ƙasa, wato girawun, da ke kwashe zafi da sauri fiye da yadda ƙaramin baki ke kawowa. Ƙafafun da ke riƙe cajin fot da garkuwar ƙarfe galibi a wannan shimfiɗa suke. Maimakon a ɗaga saiti, akan ɗumama fanel ɗin gaba ɗaya ta ƙasa zuwa digiri 100 ko 150, ko a gauraya tsohon led da mai dalma, ko da na bismot mai narkewa a 138, don a samu cirewa cikin sauƙi. Na bismot ɗin sai an tsotse shi tas kafin a sa sabo, domin yana da gautsi kuma ba ya jure jijjiga a wurin da ake soka caja kullum. Ai-si da ƙafafunsa ke ƙarƙashin cikinsa, irin BGA mai ƙananan ƙwallayen led, baki ba shi da ta inda zai taɓa su, sai injin hura iska mai zafi, wanda masu gyara ke kira riwok. A irin wannan aiki rabon ayan shi ne share mazaunin da bakin wuƙa da igiyar tsotsa kafin a ɗora sabon ai-si.